Kwamfuta Mai Gyara Kanta: A Sakar Mata Ko a Tsaya a Kanta?

Tun daga shekarar 2015, sa'ad da hukumar JAMB ta mai da jarrabawar shiga jami'a gaba ɗaya a kan kwamfuta, wannan na'ura ta fara shiga gidajen da a da ba a zaci za ta shiga ba. Manomin albasa a Shanga, ko mai fataucin kifi a Wara, idan kaka ta yi kyau yakan daure ya saya wa ɗansa ko 'yarsa 'yar kwamfutar cinya ta gwanjo, don hannu ya saba kafin ranar jarrabawa. Murna takan cika gida. Amma ranar da na'urar ta ƙi tashi, a ranar ake tuna cewa mai gyara ba kusa yake ba. Sai an shiga mota zuwa Yelwa, in abin ya fi ƙarfin na can kuma a nufi Kontagora ko Birnin Kebbi, ga kuɗin mota ga kuɗin aiki.

A irin wannan hali ne kwamfuta takan nuna rubutu a allonta, ta ce a dakata, tana gyara kanta. Wani lokaci kuma wata sanarwa ce za ta faɗo daga intanet, ta ce an gano cututtuka ɗari da wani abu a cikin na'urarka, danna nan a warkar da su yanzu-yanzu. To, shin mutum ya yarda? Amsar ba ɗaya ba ce, domin waɗannan masu magana biyu ba danginsu ɗaya ba. Na farko ɗan gida ne, watau yana cikin Windows tun daga kamfanin Microsoft da ya yi ta. Na biyu baƙo ne, daga waje ya zo yana neman a buɗe masa ƙofa.

Kafin mu auna su, ya kamata mu san abin da ya fi jawo wa kwamfuta ciwo a wajenmu, shi ne ɗaukewar wuta. Ga madatsar Kainji a kudu da mu, an gama ta tun 1968, ruwan tafkin da ya cinye gonaki da garuruwan kakanninmu shi ke juya injinanta, amma duk da haka wuta ba ta zama a gidajenmu. Wannan dai zance ne na wata rana. Abin da ya shafe mu a nan shi ne yadda kwamfuta ke ajiya. Tana da faifai a cikinta wanda yake kamar sito, tana kuma da littafin lissafi kamar na magatakardan sito, inda ta rubuta cewa takarda kaza tana wuri kaza, hoto kaza ya kasu kashi uku, ga inda kowane kashi yake. Idan wuta ta ɗauke tana tsakiyar aiki, sai kaya ya shiga sito littafi bai sani ba, ko kuwa littafi ya ce kaya ya cika alhali rabinsa kaɗai ya shiga. Kwamfutar cinya mai lafiyayyen batir ba ruwanta da wannan. Amma ta gwanjo, sau da yawa batirinta ya riga ya mutu tun kafin ta iso hannunmu, ana ɗauke wuta sai ta mutu nan take kamar fitilar da iska ta hure. Yawanci Windows takan daidaita ɓarnar da kanta ba tare da ka ma sani ba. Sai dai yau da gobe, wata rana ɓarnar takan faɗa a kan fayilolin da na'urar ke bukata don ta tashi, shi ke nan sai ta tsaya cak.

A nan ne ɗan gida yake fitowa, kuma ba shi kaɗai ba ne, su da yawa ne, kowa da aikinsa. Akwai mai gyaran tashi, wanda ya zo tare da Windows Vista a 2007. A Windows 10 da 11 ba sai an kira shi ba, idan na'ura ta kasa tashi sau biyu a jere shi da kansa yake bayyana. Yakan duba fayilolin tashi ya mai da abin da ya goce wurinsa, ba ya taɓa takardunka ko hotunanka. Wannan a bar shi ya yi aikinsa, a kuma tabbata akwai wuta ko cajin da zai kai shi ƙarshe, don katse gyara a tsakiya ya fi rashin fara shi muni. Akwai kuma wani da ake kira sfc, wanda ke ɗaukar fayilolin Windows ɗaya bayan ɗaya yana gwada su da na asali da aka ɓoye a gefe, wanda ya lalace ya musanya shi. Shi ma ba shi da wata illa da za a ji tsoro.

Sa'an nan akwai mai komar da na'ura baya, wanda aka fara sa shi a Windows Me a shekarar 2000. Shi aikinsa shi ne ya riƙa ɗaukar hoton yadda tsarin na'ura yake a wasu ranaku, in abu ya ɓaci ya mai da ita yadda take a ranar da ka zaɓa. Dabara ce mai kyau ƙwarai, musamman in matsalar ta fara ne bayan ka sa wata sabuwar manhaja. Amma a lura da abu biyu. Ba ya dawo da insha'in da ka goge da kuskure, don ba wannan yake tsaro ba. Kuma a kwamfutoci da yawa a kashe yake, sai mutum ya kunna shi tun na'ura tana da lafiya. Wanda ya tuna da shi bayan ciwo ya zo, zai tarar babu hoton ko rana ɗaya da za a koma.

Yanzu mun zo kan wanda ya fi bukatar a yi hattara da shi a cikin 'yan gida, watau chkdsk, mai binciken faifai. Shi ne magatakardan da ake kira idan littafi da sito sun saɓa. To, ku lura da abin da aka umurce shi. Ba a ce masa ya ceto kayan kowa ba, an ce masa ne ya sa littafi ya yi daidai da sito. Idan ya tarar da gutsattsarin kaya waɗanda littafi bai san mai su ba, yakan share su ya tara a wata folda mai suna FOUND.000, ya ba kowane gutsure lamba maimakon sunansa. A wajensa aiki ya yi kyau, lissafi ya fita. A wajenka kuwa, mai yiwuwa wannan tarin da ba shi da suna shi ne hotunan bikin yayarka, ko tambayoyin jarrabawar baya da ka yi wata uku kana tarawa. Wani lokaci gwani yakan iya ɗinke su, wani lokaci kuwa sun tafi ke nan. Daɗin daɗawa, idan faifan kansa ne ya tsufa yana shirin mutuwa, wannan bincike yakan tilasta masa karanta kowane lungu nasa awa da awanni, kamar a ɗora wa tsohon jaki buhu biyu a ce ana gwada lafiyarsa. Ƙarfin da ya rage masa, wanda da za a yi amfani da shi a kwashe kaya, sai ya ƙare a wajen bincike.

Wannan shi ne tushen maganar duka. Mai gyaran da ke cikin na'ura ya san Windows ciki da waje, amma bai san abin da yake da daraja a gare ka ba. Windows kuwa, ko ta lalace ƙurmus, ana iya sake zuba wata cikin 'yan awanni. Rasidin makaranta da aka ɗauki hotonsa, da lissafin bashin da baba yake bin abokan cinikinsa, da muryar kaka da aka naɗa kafin rasuwarta, waɗannan babu kamfanin da yake da kwafinsu.

Saboda haka ne nake ganin madannin da ya fi kowane haɗari shi ne na sake saita na'ura ta koma sabuwa. Idan gyaran tashi ya kasa, allo yakan kawo zaɓi iri-iri da Turanci, wannan yana cikinsu, kuma yaro mai gaggawa yakan danna shi don ya ga kamar shi ne mafita. Hanya biyu gare shi. Ɗaya tana barin takardunka amma ta cire duk manhajojin da ka sa, har da ta koyon jarrabawa da aka biya kuɗi aka zuba. Ɗayar kuwa tana share kome da kome. Tsakaninsu layi ɗaya ne a allo. Haka kuma wasu kwamfutoci na yanzu suna zuwa da faifansu a kulle da wani makulli mai suna BitLocker, kuma a tsakiyar gyara na'ura tana iya tsayawa ta nemi lambobin buɗewa guda 48. Wanda ya sayi ta gwanjo bai karɓi lambobin nan ba, bai kuma kwafe su tun da wuri ba, ya shiga uku, gama ko mai gyara ba shi da dabarar fasa wannan ƙofa.

Akwai kuma cututtukan da babu manhajar da ke warkar da su, ta gida ce ko ta waje. In hunturu ya shigo, ƙura takan cika fankar da ke sanyaya cikin na'ura. In bazara ta zo da zafinta, sai na'urar ta riƙa nauyi tana kashe kanta don kada ta ƙone. Yaro ya ga haka ya ce ƙwayar cuta ce, ya yi ta sa masu bincike suna bincike, alhali maganin a hannun mai sukurdireba da burushi yake. Masuntanmu sun san wannan a kan injin jirgin ruwa: in datti ya toshe hanyar mai, ko sau nawa ka ja igiya ba zai tashi ba sai an kwance an wanke. Haka nan in ka ji faifai yana ƙas-ƙas, ko ka ga na'ura ta shiga gyara ta fita ta sake shiga, sau uku sau huɗu tana zagaye wuri ɗaya, to ta faɗa maka iyakar iyawarta ke nan. A kashe ta a nemi mutum. Kada ma a ce don muna ƙauye ne. A ranar 19 ga Yuli 2024 wani kamfanin tsaron kwamfuta na Amurka mai suna CrowdStrike ya aika wa na'urorin abokan cinikinsa wani sabon fayil mai kuskure, kwamfutoci wajen miliyan 8.5 suka kasa tashi a duniya, jiragen sama suka fasa tafiya, asibitoci da bankuna suka rikice. Gyaran tashi bai iya kome ba a yawancinsu. Ma'aikata ne suka bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya suna goge fayil ɗin da hannu.

To, mu juya ga baƙo. Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwa ranar da take ci ya san mai tallar magani da lasifika. Kwalba ɗaya ce a hannunsa, amma tana maganin basir da shawara da ciwon baya da mantuwa, kuma duk wanda ya tsaya a gabansa sai ya ga alamar ciwo a idonsa. Ba a taɓa jin ya ce da wani, tafi abinka, lafiyarka ƙalau. Manhajojin nan masu cewa za su share kwamfuta su ƙara mata gudu, da yawansu 'yan'uwansa ne. Binciken kyauta ne, sai an nuna maka jan rubutu mai ban tsoro sa'an nan a ce magani sai da kuɗi. Ai banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ba zato nake yi ba, an kama wasu dumu-dumu. A Amurka akwai wani babban kantin kayan ofis mai suna Office Depot, wanda daga 2009 zuwa 2016 yake duba wa mutane lafiyar kwamfuta kyauta da wata manhaja. Ashe tambayoyi huɗu ake yi wa mai na'ura tun farko, irin su ko tana yin nauyi, in ya amsa e ga ko da ɗaya, sakamako zai fito cewa an ga alamun ƙwayar cuta, ko mene ne binciken ya gani. Wani gidan talabijin ya kai musu sababbin kwamfutoci fil daga kwali, aka ce da wasunsu ba su da lafiya. A 2019 kantin ya yarda ya biya dala miliyan 25, kamfanin Support.com da ya yi manhajar ya biya miliyan 10, bayan hukumar kula da ciniki ta ƙasar ta kai su ƙara. A 2024 kuma hukumar nan ta sa kamfanonin Restoro da Reimage, masu zama a tsibirin Saifurus, biyan dala miliyan 26. Su dabararsu ita ce sanarwar ƙarya mai kama da ta Windows, wadda ke faɗo wa mutum yana cikin intanet. Jami'an hukumar sun gwada manhajarsu a kan kwamfutoci masu lafiya, ta ce ta ga matsaloli masu tsanani. In an yi wa mutanen da Turanci ne harshensu haka, ina ga yaron da ke karanta sanarwar da ƙyar?

Wani zai ce, ai ba duka ne maƙaryata ba. Gaskiya ne, akwai na kirki, amma su ma amfaninsu bai kai yadda ake zuzutawa ba. Abin da suka fi tinƙaho da shi shi ne share wani babban littafin rajista da Windows ke rubuta saitunanta a ciki. Za su ce sun sami kurakurai ɗari biyar, alhali yawancinsu tsofaffin layuka ne da ba su tare wa kowa hanya ba, cire su ba ya ƙara gudun da ido zai gani. In kuwa aka cire layi ɗaya mai amfani, wata manhaja ta daina buɗewa, ko na'urar ma ta ƙi tashi, an yi gyaran gangar Auzinawa ke nan. Kamfanin Microsoft da kansa ya bayyana cewa ba ya goyon bayan amfani da masu share rajistar nan, kuma ɓarnarsu tana iya kai mutum ga sake zuba Windows. Sa'an nan duk manhajar da za ta yi gyara sai ka ba ta izinin shiga kowane ɗaki na na'urarka. A 2017 ɓarayin intanet suka kutsa kamfanin Piriform mai yin CCleaner, wadda tana cikin waɗanda aka fi amincewa da su a duniya, suka cusa mugun abu a cikin ta ainihin. Mutane fiye da miliyan biyu suka sauke ta daga hannun masu ita, suna zaton tsintsiya suka ɗauko.

Iyayenmu da ba su da kwamfuta kada su ce wannan bai shafe su ba, don wayar da ke aljihunsu ita ma kwamfuta ce, kuma a can ne masu tsintsiyar nan suka fi yawa. Za ka ga hoton roka yana tashi sama, an ce an sanyaya waya an ƙara mata ƙarfi. Abin da suka saba yi shi ne rufe manhajojin da ke jira a baya, waya kuwa ta sake buɗe su bayan ɗan lokaci, ta ci batir fiye da da, ga tallace-tallace suna cinye datar da aka saya da guminka. A watan Fabrairu 2020 kamfanin Google ya kori manhajoji wajen 600 daga kasuwarsa saboda tallan da ke damun mutane, har da na kamfanin Cheetah Mobile mai Clean Master. Daga Android 14 kuma, wadda ta fito a 2023, an hana kowace manhaja rufe wasu da ba nata ba, watau ko ɗan aikin da suke yi a da an karɓe shi. In waya ta cika, shiga WhatsApp ka goge bidiyoyin da aka turo a zaure, za ka sami wurin da ya fi nasu.

Ni dai a ganina, ɗan gida a yarda da shi gwargwadon abin da zai taɓa. Wanda ke duba fayilolin Windows kawai, a sakar masa. Wanda zai taɓa faifai ko ya sake saita na'ura, a tsaya a kansa, kada a danna kome sai an karanta an fahimta, in Turancin ya yi nauyi a nemi malami ko wani yaya ya fassara. Baƙon da ya zo da kansa yana ihu kuwa, a rufe shafin kawai. Windows ta gaskiya ba ta ba ka lambar waya ta ce ka kira, ba ta kuma neman lambar katin banki kafin ta gyara kanta.

Amma duk wannan yana da sauƙi ne ga wanda kayansa suke wuri biyu. Filashi guda ɗaya, ko katin memori irin na waya, ya isa ya ɗauki takardun ɗalibi na shekara shida har da saura, kuɗinsa kuma bai kai na batir ko faifai ba. A riƙa kwafe abin da ke da muhimmanci kowace Juma'a, a cire filashin a ajiye shi a akwati, kada a bar shi a jikin na'ura. Wanda ya yi haka, ko mai binciken faifai ya watsa masa kaya, abin da ya rasa bai wuce aikin mako guda ba. In kuwa ba a kwafe ba har na'ura ta kwanta, a sani cewa ƙin tashin Windows ba ya nufin kayan sun mutu. Mai gyara yana iya tayar da na'urar daga filashi, ko ya ciro faifan ya haɗa shi da wata kwamfuta, ya kwashe kome tukuna. Sai dai wasu masu gyara su ma gaggawa gare su, hanyar da ta fi musu sauƙi ita ce su yi fomatin su zuba sabuwar Windows, su miƙo maka na'ura tana sheƙi babu kome a ciki. Don haka, baba, in za ka kai ta Yelwa, ka tafi da filashi a aljihu, ka ce da mai gyara ya fara kwashe takardu da hotuna a gabanka, ka ga sun buɗe a wata na'ura da idonka, sa'an nan ya taɓa sauran.